Shekara takwas ina tafiya, an ce babu sunana a littafi

Autan Gabas: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman a warware min wani abu, don tun jiya raina a jagule yake. Shekara takwas ke nan ina cikin tafiyar siyasar mai gidanmu, ba sai na kama suna ba. Ni ne mai liƙa fosta daga bakin tasha har katangar firamare, da kullun fulawar da nake damawa da hannuna. Zaɓe biyu ina ejan a akwatin ƙofar gidan mai unguwa, na ƙarshen har biyun dare ina haska fitilar waya ana ƙirga. Da maganar kujerar shugaban matasa ta mazaɓarmu ta taso, na hau babur na je ofishin jam'iyya in karɓi fom. Mutumin da na tarar ya jawo wani littafi mai baƙin bango, ya lashi yatsa ya bi shafi uku, ya ɗago ya ce min, "Yaro, kai ba ɗan jam'iyya ba ne." Na cire hulata mai hoton mai gida na nuna masa. Ya ce hula ba kati ba ce. To don Allah, mene ne ni a shekara takwas ɗin nan?

Mai Shayin Tasha: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai ne kurar, Auta. Ka biyo ta teburina ka sha shayi kyauta, ka huce.

Autan Gabas: Yaya, ba wasa nake ba wallahi.

Tsohon Sakatare: Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da zan faɗa ba zai yi maka daɗi ba, amma mutumin nan bai yi maka ƙarya ba. Na riƙe sakataren mazaɓa shekara shida, irin littafin nan ya kwana a ƙarƙashin katifata. Ana rubuta sunan mutum, da akwatin da yake zaɓe, da lambarsa, a manna hotonsa, a yage masa kati ko 'yar takarda ya tafi da ita. Wanda ke ciki shi ne ɗan jam'iyya, ko da bai taɓa zuwa gangami ba. Wanda ba ya ciki, ko muryarsa ta dushe da ihun "sai wane", masoyi ne. Tafiya kuwa ba ta da irin wannan littafi. Ranar da ka fara bin motar mai gida ɗaurin aure, ka sa hularsa, aka saba ganin fuskarka, ranar ka shiga. Ba wanda ya tambaye ka hoto. Kai ma ka tuna, akwai wanda ya taɓa cewa ka sa hannu a wani wuri?

Autan Gabas: Babu, Kawu. An dai rubuta sunana a takardar ejan, da ta rabon kuɗin mai.

Tsohon Sakatare: Wannan takardar biyan kuɗi ce, tana ƙarewa ranar da aka biya.

Malamin Sakandare: Bari in ɗora a kan ta Kawu, ta fuskar doka. Tsarin mulkin 1999 bai san tafiya ba sam. Sashe na 40 ya ba ka 'yancin haɗuwa da wanda ka so, wannan shi ya halatta mana ƙungiyoyi da tafiye-tafiye. Amma sashe na 221 ya ce ba ƙungiyar da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a sai jam'iyya, sannan wasu sassan sun ce wanda zai tsaya gwamna ko ɗan majalisa dole ya zama ɗan wata jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi. Ita jam'iyyar ma an ɗora mata sharaɗi: ta yi rajista da INEC, hedikwatarta ta kasance a Abuja, ƙofarta a buɗe ga kowane ɗan ƙasa ba maganar addini ko ƙabila. Dokar zaɓe ta 2022, lokacin da take aiki, ta ƙara da cewa kowace jam'iyya ta ajiye rajistar 'ya'yanta a takarda da kwamfuta, ta miƙa wa INEC kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani. Shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya. In ka zo ana gobe zaɓen, littafin ya riga ya tafi.

Jar Hula: Malam, da girmamawa, wannan duk karatun aji ne. Ni ina Kano ina sana'a, na ga abin da idona. Mu Kwankwasiyya muke, ba mu da kati, jar hula ce shaidarmu. Jagora Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP ya koma APC a 2013, muka bi. Ya dawo PDP a 2018, muka bi. Ya shiga NNPP a 2022, jam'iyyar da da yawanmu ba mu taɓa jin sunanta ba sai lokacin, muka bi, kuma a 2023 muka kawo gwamna da ƙuri'a sama da miliyan ɗaya. Wane littafi ne ya yi wannan? Jam'iyya mota ce ta haya. In ta lalace a hanya mu sauka mu tari wata, fasinjojin dai mu ne.

Malamin Sakandare: Madalla da ka kawo wannan misalin, don shi ne hujjata. Ka tuna abin da kotun ɗaukaka ƙara ta yi a Nuwamban 2023? Cewa ta yi sunan Abba Kabir Yusuf, gwamnan da kuka kawo, ba ya cikin rajistar NNPP, saboda haka bai cancanci tsayawa ba tun farko. Ƙuri'a miliyan ɗaya a gefe, littafi a gefe, kotu ta dubi littafi. Sai da kotun ƙoli ta zo ranar 12 ga Janairun 2024 ta ce maganar wane ne ɗan jam'iyya lamari ne na cikin gidan jam'iyya, sannan hankalinku ya kwanta. Wata biyu kuna alƙunutu saboda irin abin da aka yi wa Auta jiya.

Jar Hula: Amma a ƙarshe wa ya yi nasara?

Malamin Sakandare: Ku kuka yi. Sai dai ka lura da dalilin: kotun ƙoli ba ta ce hula ta isa ba, cewa ta yi jam'iyya ce ke da ikon faɗin ɗanta. Ikon yana nan hannun masu littafi. Ka kuma manta a Satumban 2023 wani ɓangare na NNPP ɗin ya fito ya ce ya kori shi jagoran naku? Mai motar haya yana iya cewa fasinja ya sauka.

Jar Hula: Suka kore shi a takarda, mutane suka bi su ko suka bi shi?

Direban Gujungu: Ku yi a hankali, kun fara mayar da zauren filin Kano. Mu nan Jigawa ne. Wai wa ya san farashin buhun riɗi wannan satin?

Mai Kula da Zaure: Direba, a bari a gama wannan tukuna. Kuma don Allah ba zagi, ba kiran sunan kowa na garin nan.

Baba na Ƙofar Kudu: Jikana ne ke rubuta min, ni ina faɗa. Ku yara kuna gardama kamar yau aka fara. Mahaifina ɗan NEPU ne, jam'iyyar neman sawaba da aka kafa a Kano a 1950. Shi a wurinsa tafiya da jam'iyya abu ɗaya ne. Da kuɗinsa ya yanki kati, ba wanda ya ba shi ko anini, kuma katin nan ba alheri yake jawowa ba. A lokacin En'e in aka san kana da shi, harajinka ya hau, a kai ka gaban alƙali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ina yaro na ga inda yake ɓoye nasa, a cikin jinkar rumbu, a naɗe da tsumma, don ya san dogari ba zai kwance rumbu ba. Da soja suka rushe jam'iyyu a 1966, ofis ya tafi, tuta ta tafi, katin ya zama takardar banza. Amma mutanen ba su je ko'ina ba. Suna nan a majalisar dare, a wurin suna da jana'iza, kowa ya san ɗan'uwansa. Shekara goma sha biyu ana haka. Da Malam Aminu Kano ya fito da PRP a 1978, ba sai an yi mana bayani ba, muka je muka yanki kati. Ni nawa na farko ke nan, mai hoton mabuɗi, alamar jam'iyyar.

Jar Hula: Allah ya ƙara lafiya Baba. Ka ga ni ka goya wa baya ke nan. An kashe jam'iyya, tafiya ta rayu.

Baba na Ƙofar Kudu: Kada ka riga malam masallaci, ban gama ba. A 1979 muka ci Kano da Abubakar Rimi, lokacin nan duk muna cikin Kano, ba a yanke Jigawa ba sai 1991. Ya soke haraji da jangali, tsofaffi har kuka suka yi. Ba a jima ba gida ya rabu, santsi da taɓo. Rimi da Balarabe Musa na Kaduna gefen santsi, Malam gefen taɓo. Matasa da yawa, da masu jini a jika irin Sule Lamido, suka bi santsi. Amma hukumar zaɓe ta lokacin, FEDECO, ɓangaren Malam ta sani, su ke da takarda, su ke da mabuɗi. Da 1983 ta zo, dole Rimi ya nemi wata jam'iyya, ya tsaya a NPP. Ga taro, ga farin jini, in ya zo gari ƙura ta tashi. Aka kaɗa ƙuri'a Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Mutanen ƙauye da yawa mabuɗi suka sani, shi suka dangwala wa, ga kuma jimamin rasuwar Malam a watan Afrilun shekarar. Ni santsi na yi, har yau ban yi nadama ba, amma na ga ranar da taro ya kasa takarda.

Mai Shayin Tasha: Baba ya raba gardama, ya ba kowa rabin goro.

Baba na Ƙofar Kudu: Ban raba komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne mu da kuɗinmu muke yankar kati, shi ya sa in shugaban reshe ya yi ba daidai ba muna iya tsare shi da magana. Yanzu naji ana cewa wani ke biya wa gari guda.

Tsohon Sakatare: Haka ne Baba, kuma ni ba zan wanke kaina ba. Akwai shekarar da aka aiko mana da littattafai daga sama, aka ce mazaɓarmu ta kawo adadi kaza cikin sati ɗaya. Wani mai neman takara ya turo mai hoto, ya biya komai. Muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar masallaci, aka rataya jan zane a bango, duk wanda ya wuce a zaunar da shi a ɗauka. Har wani mai tallan rake daga wani gari muka rubuta. Da yamma yaron mai takarar ya zo ya kwashe katunan duka a baƙar leda, wai zai ajiye wa mutane kada su ɓata. To ka ga mai rake ɗan jam'iyya ne, Auta da ya kwana a akwati ba ɗan jam'iyya ba ne. Wannan ita ce ɓarnar da ke cikin littafi, kuma ban ce babu ita ba.

Autan Gabas: To Kawu in haka ne me zan yi da katin? In ana iya cika littafi da masu rake, ai gara hulata.

Tsohon Sakatare: Saboda komai ɓarnarsa, daga cikinsa ake fitar da shugabannin mazaɓa, daga cikinsa ake fitar da daliget. A zaɓen fidda gwanin 2022, PDP mutum uku take ɗauka daga kowace mazaɓa, APC biyar. Jigawa mazaɓa 287 gare ta a ƙananan hukumomi 27. Yi lissafi da kanka ka ga mutum nawa ne ke zaɓar wanda za a kawo maka ka yi wa ejan. Kai kana rana kana liƙa fosta, su suna cikin ɗaki ana lallashinsu. Ko ƙato bayan ƙato aka ce za a yi, sai mai kati zai shiga layi. In masalaha ce ma, da shugabannin ake zama.

Malamin Sakandare: Kuma kada ku raina mazaɓa. Adams Oshiomhole yana shugaban APC na ƙasa, shugabannin mazaɓarsa a Edo suka dakatar da shi a 2019, kotu ta riƙe wannan, a 2020 ya rasa kujerar. Iyorchia Ayu na PDP ma a 2023 daga mazaɓarsa ta Binuwai aka fara. Na san za a ce da hannun manya a ciki, kuma ba na musu. Amma manyan sai da suka sauko suka nemi sa hannun mutanen ƙauye irinmu, don dokar jam'iyyar ta ba su wannan ikon. Yanzu Jar Hula, ka faɗa min tsakaninka da Allah, a cikin tafiya wa zai iya dakatar da jagora? Yaushe aka taɓa zaɓensa? Wa'adinsa shekara nawa ne?

Jar Hula: Ba a zaɓen uba, Malam. Mun bi shi ne don abin da muka gani, yaran talakawa da aka kai karatu waje, makarantu, gadoji. In ya sauka daga kan wannan, kowa ya cire hularsa ya ƙara gaba. Wannan ma ai hukunci ne, kuma ya fi dakatarwar takarda zafi.

Malamin Sakandare: Hukuncin fita ne. Ka iya tafiya, amma ba ka iya zama ka ce a'a a ƙirga taka. In ka ce a'a kana ciki, sunanka maci amana.

Jar Hula: A jam'iyya kuma sunanka mai zagon ƙasa, a kafa maka kwamiti. Duk kanwar ja ce.

Inna Mai Adashi: Sallama gare ku. Na daɗe ina karantawa, na ga duk maganar ta maza ce. Mu mata mu ne cikon fili. Ranar gangami a aiko mota, a raba atamfa mai hoto, mu yi guɗa har maƙogwaro ya bushe, a sallame mu da taliya da sabulu. Ranar zaɓe ku duba layi, namu ya fi naku tsawo. Amma ranar da ake rubuta suna a littafi, da dare ake yi a zauren wani, inda mace ba za ta je ba. Kujera ɗaya ake ajiye mana, shugabar mata, ita ma sau da yawa matar wani ce ko ƙanwarsa. Ni adashina na mata talatin ne, ina da littafi, kowa ta san ranar zubinta da ranar kwasarta, in na ci kuɗin wata ranar za a tsige ni. Wallahi adashin nan ya fi tafiyar da Auta ke yi tsari.

Mai Shayin Tasha: Inna ta fasa ƙwai.

Baba na Ƙofar Kudu: 'Yar nan ta yi gaskiya. Hajiya Gambo Sawaba ta jagoranci matan NEPU, aka yi ta ɗaure ta, alhali a lokacin matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita. Sai a shekarun 1970 aka ba su. Ita tana da jam'iyya ba ta da ƙuri'a, ku kuna da ƙuri'a ba ku da jam'iyya.

Inna Mai Adashi: To Baba ai shi ya sa nake cewa in za a buɗe littafin, a buɗe shi da rana, a makaranta, mu ma mu zo. Ni zan kawo matana talatin, kowa da hotonta, kuma katin a hannunmu zai kwana, ba a ledar yaron wani ba.

Direban Gujungu: Ni fa ban yarda da ko ɗaya ba. Lokacin guguwar Buhari wa ya tambayi kati? Ya yi ANPP a 2003 da 2007, ya yi CPC a 2011, ya yi APC a 2015, mutane suna cewa sak. Waɗanda ba mu san fuskarsu ba suka ci zaɓe a inuwarsa. Masoya suka sha rana, masu tikiti suka shiga majalisa. Ni yanzu ranar zaɓe in kaɗa in koma lodi.

Tsohon Sakatare: Ai abin da ka faɗa shi ne abin da muke faɗa, Direba. Masu tikitin nan ta ina suka samo shi? Ta hannun daliget. Kai ka bar musu ɗakin, sannan kana mamakin wanda ya fito daga ciki.

Direban Gujungu: In na shiga ɗakin ma, ɗauki-ɗora za a yi. Waya ɗaya daga Dutse ta isa.

Tsohon Sakatare: Ana yi, ba ƙarya. Amma na taɓa ganin ranar da aka bugo irin wayar, mu goma sha bakwai muka ce ba mu sa hannu ba, aka kwana uku ana zarya, a ƙarshe aka canza sunan kansilan. Sau ɗaya ne a shekara shida. Ban ga ta biyu ba.

Autan Gabas: Akwai abin da ke ci min rai har yanzu. Shi mai gidan namu ya san ba ni da kati? Shekara takwas bai taɓa cewa in je in yi ba.

Mai Shayin Tasha: Tambayi kanka wa ya samu fom ɗin da aka hana ka.

Autan Gabas: Ɗan ƙanwarsa ne.

Jar Hula: Wannan kam ba daidai ba ne, ko a wace tafiya aka yi shi. Ni dai shawarata kada ka jefar da hular don fushi. Ka je ka same shi ido da ido ka faɗa masa.

Malamin Sakandare: Ya je, amma ya fara biyawa ta wurin sakataren mazaɓa. In ya je da kati a aljihu, maganar za ta bambanta. Kuma Auta, ka nemi kundin tsarin jam'iyyar taku ka karanta, don wasu suna sa sharaɗin daɗewa kafin mutum ya nemi kujera. Kada ka yanka yau ka ce gobe za ka tsaya.

Tsohon Sakatare: Ka je da katin zaɓenka da hoto biyu. Ka tsaya a kansa har ya rubuta a gabanka, ka ga lambar da idonka, ka ɗauki hoton shafin da wayarka. In ya ce littafi ya cika ko yana wurin shugaba, ka kira ni, na san yaren. Kada ka ba kowa katin ya ajiye maka, ko mai gidan ne.

Inna Mai Adashi: Ka faɗa min ranar da za ka je, in haɗa ka da mata biyar su fara gwadawa. Mu ga ko za a ce su ma littafi ya cika.

Autan Gabas: To Inna, sai Laraba bayan La'asar, in na dawo daga yankan riɗi. Kawu, wai littafin yanzu a hannun wa yake, sakatare ko shugaba?

Tsohon Sakatare: A ƙa'ida sakatare. Amma ka fara leƙa gidan shugaban.

Direban Gujungu: To yanzu a faɗa min farashin riɗin.